Ayarin Kekuna: Yadda Yini Ke Tafiya a Doguwar Hanya

A birnin Zazzau keke ba baƙo ba ne. Da shi manomi ke fita ta Ƙofar Gayan da fartanya ɗaure a kariya, da shi ɗan kasuwa ke ratsa Tudun Wada ya tsallake Kubanni zuwa Sabon Gari, kuma har gobe dattawa na yabon ƙarkon Raleigh, wanda a da ake harhaɗawa a Kano. Amma duk wannan hawa ne na biyan buƙata: a je a dawo kafin magariba. Akwai wani hawan daban, inda mutum ashirin ko hamsin ko fiye za su haɗu su kama hanya ta makonni ko watanni, kullum a kan sirdi, kullum kwana a sabon wuri.

Mafi shaharar irin wannan tafiya a nahiyarmu ita ce Tour d'Afrique, wadda wani mutumin Kanada mai suna Henry Gold ya assasa. An fara ta a 2003, daga Alƙahira zuwa birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, kusan kilomita 12,000 cikin wata huɗu. Hanyar da aka fi saninta da ita ta bi ta Sudan da Habasha da Kenya da Tanzaniya da Malawi da Zambiya da Botswana da Namibiya. A yini mahayan kan ci kimanin kilomita 120. Musulmi ma sun yi irin tasu: a 2017 wasu mutum takwas sun tashi daga Landan a kan kekuna suka nufi Madina gabanin aikin Hajji.

Wanda ya ji waɗannan alƙaluma zai zaci ƙarfin cinya ne ke kai mutum. Cinya na da nata rabo, amma abin da ke riƙe tafiyar tsari ne, kuma tsarin nan Bahaushe ya riga ya san shi tun zamanin fataken goro. Ayarin da ke tashi daga ƙasar Hausa zuwa Salaga a ƙasar Gwanja yana da madugu mai yanke shawara, da jagaba mai shiga gaba ya duba hanya, da uban dawaki mai kula da kuɗin fito da harajin sarakunan hanya, da malami mai limanci da addu'a. Bature Hugh Clapperton ya ci karo da irin wannan ayari a Kayama a 1826, maza da mata wajen dubu. Ayarin kekuna na yau bai ƙara wani abu mai yawa a kan wannan ba. Yana da shugaba, da mai wucewa gaba ya ɗaura ƙyallaye masu launi a mararraba don kada wani ya ɓace, da mai riƙe kuɗi, da mai dafa abinci, da makaniki, da ma'aikacin lafiya. Babbar mota ta karɓi aikin jakuna da takarkarai. Sai kuma mutum guda da aikinsa kawai shi ne ya zama na ƙarshe: ba ya wuce kowa, komai nawar mutum, domin idan shi ya iso masauki an san ba a bar kowa a daji ba.

Mu ɗauka irin wannan ayari zai tashi daga birnin Zazzau ya bi Kano da Katsina zuwa Maraɗi. Aikin farko a daren jajibiri ake yin sa, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Kowa zai duba birki, ya shafa wa kaca mai, ya latsa taya, ya tabbata akwai famfo da sholisho da abin faci a jaka. Haɗuwa kuwa a bakin Ƙofar Doka ta fi, ba a tsakiyar birni ba. Lungunan unguwannin da ke kewaye da fada da tsohon Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, an fitar da su ne don mai ƙafa da mai doki. Keke talatin a jere za su toshe su.

Da an sallame sallar asuba ake karyawa, kuma karyawar ba ta wasa ba ce: koko da ƙosai, ko shayi mai kauri da burodi da ƙwai. A ɗora kaya a mota, a hau kafin rana ta fito. Dalilin sammako a fili yake. A watannin Maris da Afrilu zafin rana a wannan yanki kan kusanci digiri 40, kwalta kuma ta fi iska zafi. Duk kilomitar da aka ci kafin hantsi riba ce. Saboda haka masu hankali kan zaɓi lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai dai shi ma da tasa fitinar. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, wato daga inda Kano take. Mai tashi daga Zariya zuwa Kano a Janairu da ƙirji zai yi ta tarar ta, ga ƙura a maƙogwaro, ga leɓe na tsagewa. Ƙasa ta ɗan gangara daga Zariya zuwa Kano, amma iska kan cinye wannan rangwamen.

A nan amfanin jama'a yake fitowa. Idan keke ya ɗauki gudu a shimfiɗaɗɗiyar hanya, yawancin ƙarfin mahayi a ture iska yake ƙarewa. Wanda ya manne a bayan wani yana iya rage wajen kashi ɗaya cikin uku na wannan wahala. Don haka sai a yi layi, na gaba ya sha iska na 'yan mintoci, ya kauce gefe ya koma wutsiya, na bayansa ya karɓa. Tazarar da ke tsakanin taya da taya ba ta kai kamu ɗaya ba a wajen gwanaye, shi ya sa baki ba ya shiru. Na gaba ne idon kowa. "Rami!" in ji shi, ya nuna da hannu, kalmar ta bi layi har baya. Daga can wutsiya kuma a ɗaga murya: "Tirela a baya, a matsa gefe!" Wanda ya taka birki ba sanarwa zai iya zubar da mutum biyar. Shi kuma wanda kullum yake laɓewa a tsakiya, ba ya taɓa karɓar gaba, ba sai an yi masa magana ba. Kafin kwana uku kowa ya san shi.

Ba a tafiya gaba ɗaya dunƙule har yamma. Kafin a kai Tashar Yari ayari ya rabu gida uku ko huɗu, kowa ya sami sa'o'insa. Masu zafin nama sun yi gaba, masu tsayawa sayen rake da mazarƙwaila na tafe a baya. Dukkansu kuma doka ɗaya ke kansu, a ci kafin a ji yunwa, a sha kafin a ji ƙishi. Abincin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta don aikin gaggawa ba ya wuce awa biyu na tuƙi mai ƙarfi. Idan ya ƙare, ƙafa kan mutu farat ɗaya, ido ya yi duhu, ƙaton mutum ya zauna a gefen hanya yana rawar jiki. Maganinsa dabino ne da gyaɗa da ayaba a aljihu, ana ɗan jefawa a baki. A cikin zafi mutum na iya zubar da gumi lita guda a awa, gumin kuma da gishiri yake fita, don haka ruwa zalla ba ya wadatarwa. Akan haɗa da ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba yaro mai gudawa. Mai tuƙa keke yini guda yana cin ninkin abin da yake ci a gida, kuma duk da haka wandonsa na iya yi masa yawa kafin wata ya ƙare.

Faci kuwa ba a ƙirga shi cikin musibu. Ƙaya ce ko ƙusa ko wayar tsohuwar tayar mota. Minti goma an gama. A wannan fanni hanyoyinmu sun fi na ƙasashe da yawa sauƙi, domin da wuya ka wuce babban ƙauye ba ka ga mai gyaran keke a gindin bishiya ba. Matsalar ita ce kayan kekunan zamani masu giya barkatai ba a cika samun su a wajensa ba. Keken da ya fi dacewa da doguwar tafiya a nan shi ne wanda makanikin ƙauye zai iya kwancewa ya mayar.

Daga Zariya zuwa Kano kilomita 150 ne ko kusa da haka, don haka ayari mai matsakaicin ƙarfi zai raba ta biyu, ya kwana a wajajen Kwanar Ɗangora. Tafiyar ta kai a yi ƙasaru, tun da a mazhabar Malikiyya kimanin kilomita 80 ake nema, matafiyi ya mayar da azahar da la'asar da lisha raka'a bibbiyu. Ana son a isa masauki kafin la'asar. Shi ma masaukin ba faɗa masa ake yi haka kawai ba. Shugaba zai je ya yi sallama a ƙofar dagaci: "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu daga Zazzau, Kano muka nufa, muna neman wurin da za mu sa haƙarƙari." Sau da yawa filin makarantar firamare ake nunawa, wani lokaci har a aiko da fura. Sai kafa tanti, sai wanka da bokiti ɗaya ko ma buta, sai wanke wandon tuƙi a shanya. Wannan wankin ba kwalliya ba ne. Ciwon da kan sauke mutane daga keke ba na gwiwa kaɗai ba ne, akwai ƙurajen mazaunai da gogayyar sirdi da gumi ke haifarwa, abin da ba a son faɗa a cikin mutane amma kowa na fama da shi. Na biye da shi ɓacin ciki, wanda in ya kama mutum ɗaya a sansanin da ba a wanke hannu, sai ya zagaye kowa.

Bayan magariba a ci tuwo ko shinkafa, sannan shugaba ya tara jama'a ya faɗi hanyar gobe: nisa kaza, ruwa a wuri kaza, a kula da cunkoson motocin tumatir a Kwanar Gafan, a bi a hankali daga Kura zuwa shiga gari. Lisha na wucewa kowa ya yi barci.

Abin da ke rusa ayari ba tudu ba ne, hali ne. A makon farko kowa mai fara'a ne. A mako na uku, gajiya ta taru, sai a ji rigima a kan wanda ya cika kwanonsa sau biyu kafin na baya su iso, ko mai munshari da ya kafa tantinsa a tsakiyar mutane. Akwai kuma zancen shiga mota. Wanda ya gaza a hanya ana ɗora shi da kekensa, ba laifi ba ne, amma a Tour d'Afrique akwai wata daraja ta musamman da ake ba wanda ya taka kowane taƙi na hanyar da ƙafarsa, bai taɓa shiga mota ba. A ganina wannan daraja tana da illa kusan daidai da amfaninta, domin takan sa mai zazzaɓi ya hau keke ranar da ya kamata ya kwanta. Shugaba nagari yakan sa ranar hutu bayan kowane kwana biyar ko shida, a babban gari irin Kano, inda za a yi wanki, a sayi kayan gyara, kowa kuma ya ɗan huta da ganin fuskar ɗan'uwansa.

Daga Kano sai a miƙi hanyar Bichi da Tsanyawa zuwa Katsina, sannan Jibiya, a tsallaka iyaka ta Ɗan Isa zuwa Maraɗi. A wannan zamani taswira kaɗai ba ta isa zaɓen hanya ba. 'Yan bindiga sun addabi wasu sassan Zamfara da Katsina da Kaduna, ciki har da yankin Jibiya da Birnin Gwari, kuma jerin mutane a kan kekuna ba su da gudun tsira. Aikin jagaba ya dawo yadda yake a da: ya tambayi direbobin tasha da jami'an tsaro da masu gari kafin kowace fita, in an ce hanya ba kyau a sauya ta, ko a loda kekuna a mota a tsallake wurin da rana tsaka. A bakin iyaka kuma mai riƙe kuɗi zai canja naira zuwa sefa, kowa ya fito da takardun tafiyarsa da katin allurar shawara, kuma tun da Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025, sai a bincika ƙa'idar shiga tun daga Katsina, kada a je a yini a gaban shinge.