Bakin Ɗan Riƙo

Akwai ɗan baffana da aka haifa a cikin birnin Kano, bai cika shekara uku ba goggonmu ta ɗauke shi riƙo ta tafi da shi Sakkwato. Ya dawo yana saurayi, kamanninsa na gidanmu sak, har wushiryar da muka gada. Ranar da na raka shi kasuwar Kurmi ya tsaya gaban wata tsohuwa mai daddawa, ta faɗi kuɗi, ya ce, "Mi kika ce, Inna? Bari in tahi in dawo." Ta ɗago ta dube shi. "Ɗan nan, daga Sakkwato aka zo ke nan?" Ya ce ai a nan aka haife shi. Ta ce, "To, ba a nan ka tashi ba."

Aikin da tsohuwar nan ta yi a numfashi ɗaya shi ne aikin da masu nazarin tsuntsaye suka shafe shekaru suna yi a duwatsun Jos, har ya kai su ga tsuntsun da babu shi a littafin kowa.

Kowa ya san baiwar Allah, jan tsuntsun nan ɗan mitsitsi da ke shigowa tsakar gida yana tsintar tsaki a gindin turmi ba tare da tsoron kowa ba. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne wani ƙaramin baƙin tsuntsu mai sheƙi kamar shaddar da ta sha bugu, wanda ke yawan bin sawunta. Wannan baƙin ba ya saƙa sheƙa. Macen takan faki ido ta saka ƙwanta a sheƙar baiwar Allah, ta yi tafiyarta. Mu da muka tashi a gidan da ake kiwo ba baƙon abu ba ne a wurinmu: kakata takan zuba wa kaza ƙwan zabi ta kwanta a kai, ta ƙyanƙyashe, ta yi ta jan 'ya'yan da ba nata ba. Sai dai ɗan zabo ko ya shekara a bayan kaza, kukan zabo zai yi. Shi kuwa baƙin tsuntsun nan, kamar ɗan baffana, harshen gidan riƙo yake ɗauka. Namijin in ya girma yakan cusa waƙar mariƙansa a cikin tasa, kuma ba ya barin ta har ya mutu.

Dabarar ba a waƙa kaɗai ta tsaya ba. Cikin bakin 'ya'yan baiwar Allah akwai ɗige-ɗige da launuka, kowane iri da nasa, kamar tsagar gado. Ɗan riƙon yana fitowa daga ƙwai da irin wannan tsaga, don haka in ya wage baki uwar ba ta bambanta shi da nata. Ba ya kuma turo 'ya'yan gida waje, tare suke tashi ana ciyar da su.

Wani Ba'amurke mai suna Robert Payne, na Jami'ar Michigan, ya kwashe shekaru masu yawa yana bin waɗannan baƙaƙen tsuntsaye a ƙasashen Afirka da na'urar ɗaukar sauti. Iri goma ne, kuma ido ba ya raba su da sauƙi: wannan sheƙinsa ya ɗan fi kore, wancan ya ɗan fi shuɗi, wani ƙafarsa ja, wani fara-fara. In lokacin aure ya wuce ma, mazan sukan zubar da baƙin gashin su koma ruwan ƙasa kamar matan. Abin da ya rage shi ne kunne. Ka saurari waƙar, ka san gidan da ya tashi, ka san ko wane ne.

A 1982 Payne ya sa wa wani daga cikinsu suna, wanda ake samu a tsaunukan Jos. Amma waƙar da tsuntsun ke kwaikwayo ba ta zo daidai da ta kowace baiwar Allah da masana suka sani ba. Ga yaro yana magana da karin harshen garin da ba ya cikin taswira. Ko dai kunne ya yi kuskure, ko kuma garin yana nan ba a je ba. Aka ci gaba da nema a tsakanin duwatsu da ƙananan kurmi da gefen gonaki, har aka same ta: baiwar Allah ta dutse, mai jan baya da baki shuɗi-shuɗi, saɓanin jan bakin ta gida. A 1998 aka shigar da ita littafi a matsayin sabon iri. Daga baya an gan ta har a duwatsun Mandara, can iyakar Najeriya da Kamaru.

Na san abin da wasunmu kan faɗa in sun ga mutum ya rataya madubin hangen nesa tun asuba yana tsaye a kan kunya kamar an dasa shi: wai ya rasa aikin yi. Ni dai ban ga bambancinsa da dillalin kara da ke gane akuyar Sakkwato daga nesa ba, ko uwar da ke jin kukan jaririnta a cikin hayaniyar gidan suna. Manomi ma da ke cewa tsuntsu duk tsuntsu ne, bari janbaki ya sauka a gonar gero ka ga ko bai san iri ba.

Wani abu ya fi ba ni mamaki. Macen baƙin tsuntsun ita ma ba ta manta gidan riƙo. Namijin da ke rera waƙar mariƙanta shi take so, kuma irin sheƙar da ta tashi a ciki take nema ta yi ƙwai. Payne da abokan aikinsa sun gwada a keji: suka ba wani tsuntsu dabam riƙon 'ya'yan, sai ga mazan sun tashi da waƙar sabon gida, matan kuma suna bin masu wannan waƙa. Ke nan in wata ta yi ɓatan kai ta saka ƙwai a sheƙar da ba ta gado ba, zuriya sabuwa ta fara, kamar yadda ƙaura ɗaya kan zama asalin unguwa.

Yau a dajin Amurum, kusa da ƙauyen Laminga a gabashin Jos, akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke haɗe da Jami'ar Jos, inda ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma ke koyon wannan sana'a ta kunne da ido, ga gonakin acca da masara kewaye da su. Baiwar Allah ta dutse da ɗan riƙonta duk suna wurin.

Kai kuma mai karatu ba sai ka je Jos ba. In kaka ta yi, ka ga baiwar Allah tana tsintar tsaki a tsakar gida, ɗaga kai ka duba wayar lantarki ko ƙolin bishiya. In ka ga ɗan baƙin yana ta zuba, dakata ka saurara.