Ƙananan Jiragen Ruwa: Wanne Ya Cancanci Wuri a Kan Kanta?

Duk yaron da ya tashi a cikin ganuwar Zazzau, ko a Ƙofar Doka ko a Ƙofar Gayan, ya san yadda ake fere karan dawa a ƙera mota da shi. Wannan sha'awar ce kamfanonin waje suka mayar sana'a. Suna sayar da jirgin ruwa a wargaje cikin kwali, gutsattsarin roba ne da takardar bayani, mai saye ya haɗa da gam ya shafa fenti. Kamfanin Airfix na Ingila ya fitar da ƙaramin Golden Hind a 1952, ga kuma Tamiya na Japan da Revell, kowanne da jiragensa birjik. Yawan nan shi ke ruɗin sabon shiga, ya yi ta saye har kwalaye su fi ƙarfin hannunsa. Jirage uku da aka zaɓa da dalili sun fi goma da aka tara don ganin ido.

Abin dubawa na farko shi ne ma'auni, ba suna ba. Titanic, wanda ya nutse a 1912, tsawonsa mita 269 ne. Idan aka ƙanƙanta shi sau 350 zai kai kusan santimita 77, idan kuwa sau 700 ne kusan 38 zai kai. Ɗakunan tsohon birni ba su da sararin da za a yi wa babban shimfiɗa, kuma ga ƙurar hunturu da ba ta barin komai. Jirgi mai filafilai irin Cutty Sark na 1869, wanda igiyoyinsa zare ne siriri da ake ɗaurawa ɗaya bayan ɗaya da hantsaki, idan ƙura ta hau shi ba ya goguwa, sai an tsinka wani abu. Saboda haka a fara da jirgin ƙarfe mai ƙarancin igiya, hannu ya saba da gam da fenti, sannan a nemi mai filafilai, bayan an sa kafinta ya yi masa akwatin gilashi. Kuɗin akwatin na cikin kuɗin jirgin, ko da mai saye bai lissafa ba.

Wani zai ce me ya haɗa Bazazzagi da jirgin ruwa, garin da ruwansa bai wuce Kubanni da Galma ba, kuma kayan duk daga waje ake kawo su da tsada? Batun tsada gaskiya ne, shi ya sa ma ake cewa a taƙaita. Amma cewa jirgi baƙo ne a Arewa, tarihi bai yarda ba. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwalekwale a ƙarƙashin ƙasa. Masana daga jami'o'in Maiduguri da Frankfurt suka tono shi a 1994, bincike ya nuna ya kai shekara 8,000, shi ne mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. Tsawonsa mita 8.4 ne, an sassaƙe shi daga gungume guda.

Wannan kwalekwale shi ne jirgi na ukun, kuma ba sai an jira kwali daga Ingila ba. Idan aka ƙanƙanta shi sau 20, guntun icce na santimita 42 ya wadatar, sai wuƙa mai kaifi da takardar goge katako. Mai ganin ya yi sauƙi da yawa ya gwada rarake cikinsa har gefen ya yi siriri ba tare da iccen ya tsage ba.