Sauya Halittar Ɗan Tayi: Haƙƙin Zuriyar da Ba Ta Zo Ba

A watan Nuwamba 2018, masanin kimiyya ɗan ƙasar Sin, He Jiankui, ya sanar da haihuwar tagwaye mata da ya sauya wa ƙwayoyin gado kafin a dasa su a mahaifa, wai don kada su kamu da ƙanjamau. A 2019 kotu ta ɗaure shi shekara 3.

Masu burin inganta ɗan Adam da fasaha suna hangen ranar da iyaye za su tsara ɗa yadda suke so. Mu Musulmi ba ma ƙyamar magani. Sai dai irin wannan sauyi yana bin jikoki da tattaɓa-kunne, alhali ba wanda ya nemi yardarsu. Kare zuriya na cikin manufofin Shari'a biyar, ɗa kuwa amana ne. In kuskure ya bayyana a jikin jika, alhakin yana wuyan wa?