Cinikin Tsohuwar Mota Ga Mai Ƙaramin Ƙarfi A Boɗinga Da Shagari

Wanda ya bi babbar hanyar da ta fita daga Sakkwato ta nufi Jega, ta ratsa Boɗinga da Shagari da Tambuwal, zai ga ƙananan motoci suna kai da kawowa, waɗansu ɗauke da albasa da gero, waɗansu da mutane. Mafi yawansu ba sababbi aka saye su ba, sun yi zamaninsu a hannun wani kafin su zo nan. To, ga ɗan kasuwa mai ɗan jari, da malamin da ya yi shekaru yana tara abin da ya samu, sayen irin wannan mota babban al'amari ne, domin in ciniki ya ɓaci, jarin ne ya tafi gaba ɗaya.

A da, ma'aikaci ko attajiri yakan iya sayen sabuwa. A shekarar 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna, aka kuma fara harhaɗa Volkswagen a Ikko. Da darajar naira ta faɗi, sai jama'a suka koma ga motocin da aka hau a Turai da Amurka, waɗanda ake kira 'yan Kwatano ko Baljiyam, saboda ta can suka fi shigowa. Daga farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, sai ta tashar jiragen ruwa. A ran 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuwa ta wuce 1,000. A wannan shekara dala ɗaya ta wuce naira 1,500. Saboda haka ko 'yar Kwatanon ma ta fi ƙarfin mutane da yawa, sai dai ta hannu, watau wadda ta riga ta sha hanya a nan gida.

Abin da ya kamata mai saye ya fara sani shi ne, kuɗin mota ba ya ƙarewa ranar da aka biya. Kamar doki take, sayensa daban, dawarsa da harawarsa daban. Wanda ya zuba dukkan abin da ke hannunsa ya karɓi makulli, ranar da taya ta fashe ko batir ya mutu, sai ya kafe ta a ƙofar gida, yara suna wasa a kanta. Mai hankali yakan raba kuɗinsa, ya sayi wadda ba ta kai iyakar ƙarfinsa ba, ya ajiye saura domin baƙin mai da taya da birki da sabunta takardu.

Sa'an nan sai zaɓen iri. Ba kyan jiki ake dubawa ba, abin tambaya shi ne: in ta tsaya tsakanin Boɗinga da Shagari da la'asar sakaliya, akwai makanikin da ya san cikinta, kuma ana samun kayan gyaranta a Sakkwato? Shi ya sa Golf da Starlet da Corolla da Fijo 206 suka yi kasuwa a ƙasar Hausa: ba su da shan mai ƙwarai, masu gyara sun saba da su, kayansu kuwa ba sai an aika Kano ko Ikko ba. Amma a tuna tsofaffi ne. Golf ta uku a 1991 ta fara fitowa, Starlet kuwa tun 1999 aka daina ƙera ta. Motar da ba kowa ya san irinta ba takan zo da araha, amma araha ba ta ado. Haka nan mai bin hanyar ƙauye, inda rairayi da zaizayar damina suke, ya guji wadda cikinta ya yi ƙasa ainun.

In an sami wadda ta kwanta a rai, kada a yi cinikin biri a sama. Mai saye ya tafi da makanikin da ya amince da shi, ba wanda dillali ya kawo ba, domin dillali la'adarsa yake jira. A je da sassafe, tun injin yana da sanyi, gama injin da aka riga aka ɗumama yakan ɓoye ciwonsa. In an tayar, a dubi hayaƙin salansa. Shuɗi alama ce ta injin da ke ƙona baƙin mai, fari mai kauri wanda ba ya yankewa kuwa alama ce ta ruwa yana shiga inda bai kamata ba. A buɗe murfin baƙin mai, in an ga abu fari-fari kamar nono, ruwa ya gauraya da mai. A dubi lagireto da kyau, domin zafin bazarar ƙasar Sakkwato ba ya raga wa motar da ke tafasa. A leƙa ƙarƙashi a nemi tsatsa da alamar walda, a bi jikin da hannu ko fenti ya rufe wurin da aka yi karo. Bayan wannan a hau ta, a bi kwalta, a bi burji, a saurari giya da birki da ƙafafunta. A lura kuma da sitiyari. Tun 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka motar da aka ƙera da sitiyari a dama aka juyo shi hagu, lafiyarta tana ga gwanintar wanda ya juya.

Takardu su ne rabin mota. A nemi takardar kwastan, da ta mallaka, da ta lamba, a gwada lambar shasi da ke rubuce da wadda ke jikin ƙarfen, harafi da harafi. In sun saɓa, a haƙura, ko da an bar ta a rabin kuɗi. Motar da ba a biya mata kuɗin fito ba ana iya kama ta a hanya, ta sata kuwa takan kai mai gaskiya gaban alƙali.

Malamai sun san hukuncin aibi a cikin ciniki, yana nan a babin saye da sayarwa na Risala da Muhtasar. Wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani. In ya ɓoye, mai saye ya gano tsohon aibi daga baya, yana da zaɓin riƙewa ko mayarwa. Amma wanda ya ga aibi da idonsa ya yarda, ba shi da ta cewa. Hukuncin da aka yi wa doki da jaki shi ne ya hau kan mota. Saboda haka a rubuta ciniki, a ambaci kuɗi da lambar shasi da aibin da aka faɗa, shaidu biyu su sa hannu, domin baki shi kaɗai ba ya tsayawa ranar gardama.

Wanda ya auna ya ga kuɗinsa bai kai na mota mai lafiya ba, babu kunya ya dakata. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Babur ko motar haya za su kai shi kasuwa su komo da shi, jarinsa kuwa yana juyawa, har ranar da zai saya da sauran abin gyara a aljihu. Allah ya sa albarka a cikin nema, ya kiyaye hanya.