Taɓin hankali: Inda maganin gargajiya ke taimakawa da inda yake jawo illa

A gidaje da yawa a Najeriya, idan mutum ya fara sambatu, ya daina barci ko ya ƙaurace wa jama'a, ba asibiti ake fara nufa da shi ba. Sai an kai shi wurin malami don ruƙiyya da rubutu, ko wurin mai magani don saiwa da hayaƙi, ko majami'a don addu'a, kafin a tuna da likita.

Dalilan hakan a fili suke. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar ba su kai 300 ba, ga al'umma fiye da miliyan 200. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Kware a Sakkwato, Barnawa a Kaduna da na Maiduguri sun yi wa mutanen karkara nisa, alhali malami yana cikin unguwa, ya san iyalin, kuma yana magana da harshen da suka fahimta game da aljanu da sammu.

Kimiyya ba ta raina tsirrai ba. Masu maganin gargajiya a ƙasar Yarbawa sun daɗe suna amfani da saiwar bishiyar Rauwolfia, wadda suke kira asofeyeje, don kwantar da wanda hankalinsa ya gushe. Daga 'yar'uwarta ta Indiya aka fitar da sinadarin reserpine a 1952, aka kuma yi amfani da shi a asibitoci wajen hawan jini da taɓin hankali. Daga baya likitoci suka rage amfani da shi saboda illolinsa, ciki har da faɗuwar ƙarfin jini da kasala mai tsanani. Idan haka ta faru da ƙwayar da aka auna, to ina ga jiƙon da ake sha da ludayi ba tare da ma'auni ba?

Haka abin yake ga St John's wort, ganyen da ake sayarwa a Turai da Amurka da kuma ta intanet don ciwon damuwa. Bincike ya nuna yana iya taimaka wa mai damuwa marar tsanani, amma yana raunana maganin tsarin iyali, na cutar HIV da na tsinka jini. Haɗa shi da maganin damuwa na asibiti kuwa na iya jawo zazzaɓi, karkarwa da ruɗewa. Lambar NAFDAC da ke jikin yawancin magungunan gargajiya tana nuna an gwada cewa ba su da guba ne kawai, ba ta tabbatar da cewa suna warkar da abin da aka rubuta a kwalin ba.

Abin da ya fi muni shi ne ɗauri da duka. A 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton yadda ake ɗaure masu taɓin hankali da mari a cibiyoyin addini, gidajen masu magani, har da wasu cibiyoyin gwamnati. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi haƙƙin majinyaci na kariya daga azabtarwa da wulaƙanci.

Haɗa hannu tsakanin ɓangarorin biyu kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda majinyata ke zama da danginsu a gidajen mutanen ƙauye, suna zuwa asibiti da rana, masu maganin gargajiya kuma suna cikin aikin. A 2020 mujallar The Lancet ta wallafa binciken da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi ta Ghana. Ma'aikatan lafiya a matakin farko sun riƙa ziyartar wuraren masu magani da masu addu'a, suna ba da magani da shawara. Bayan wata shida, majinyatan da aka yi wa wannan haɗin gwiwa sun fi sauran samun sauƙi.

Addu'a, karatu, motsa jiki da zama da iyali ba sa cin karo da maganin asibiti, suna ma ƙarfafa zuciyar majinyaci. Matsalar takan taso ne idan aka ce ya ajiye ƙwayoyinsa, domin tsayar da su farat ɗaya yakan dawo da ciwon. Likitoci na son a sanar da su duk jiƙo ko garin da majinyaci ke sha.

Akwai kuma alamun da ba sa jiran gobe: maganar kashe kai, ƙin ci da sha, gushewar hankali bayan haihuwa, ko ruɗewar da ta zo kwatsam tare da zazzaɓi ko jijjiga. Wannan na ƙarshe yana iya zama maleriyar da ta taɓa ƙwaƙwalwa, sanƙarau ko faɗuwar sukari, cututtukan da kan yi kisa cikin sa'o'i ko kwanaki kaɗan idan ba a kai mutum asibiti ba.