Saƙon da Ke Biyo Bayan Ɗaukewar Wuta

Kwana uku ina fama da laftop ɗina mai Linux. Ina tsakiyar aiki sai intanet ta yanke na 'yan daƙiƙu, ta dawo da kanta. Da farko na zargi na'urar wayfai ta gida, amma ga wayata a kan layi ɗaya tana aiki lafiya lau.

Na buga dmesg don in ga abin da kanel, wato zuciyar Linux, ke rubutawa. Layi ɗaya ya yi ta maimaituwa: "Hardware restart was requested". Gabana ya faɗi, don na ɗauka katin wayfai ne ya kusa mutuwa, ga shi ba ni da kuɗin wani.

Sai dai saƙon bai ce katin ya lalace ba. Sashen kanel mai suna mac80211 ne ke rubuta shi idan direban kati, wato ɓangaren da ke sarrafa katin, ya nemi a sake tayar da katin. Katin yana da 'yar manhajarsa da ake loda masa daga /lib/firmware, kuma idan ta cije, direba kan kashe shi ya kunna. Ashe abin da na gani ƙarshen labari ne. Na hau layukan da ke samansa, na tarar kowane karo manhajar ce ke fara tsayawa. Na sabunta ta. Washegari da la'asar abin ya dawo.

A nan na koma ga lokaci. Da journalctl -k na kwafe sa'o'in a bayan wata tsohuwar takarda: 4:12, 4:40, 9:05 na dare. Na daɗe ina kallonsu kafin fankar da ta tsaya a kaina ta tuna mini. Duk lokutan babu wuta, laftop na kan batir.

Na cire caja da gangan, na buga iw dev wlan0 get power_save, amsa ta fito "on". Na mayar da caja, ta koma "off". Sai na tuna watannin baya ni da hannuna na saita tsimin batir, har da sa katin ya riƙa gyangyaɗi tsakanin saƙonni. Wajen farkawar ne manhajar ke tuntuɓe.

Na kashe tsimin a ɓangaren wayfai kaɗai. Daren nan aka ɗauke wuta tun magariba, na bar journalctl -kf a buɗe har batir ya kusa ƙarewa, layin bai fito ba.