Haruffan da ke kan rasit ɗin POS

Duk wanda ya ciri kuɗi wurin masu POS a Maiyama ko Jega ya san rubutun nan: haruffa na ɗigo-ɗigo, faɗinsu duk ɗaya. Siririn "i" da ƙaton "m" fili ɗaya suke ci. A yawancin ƙananan na'urorin buga rasit, kowane harafi na zaune cikin gurbi mai ɗigo 12 a kwance, 24 a tsaye, shi ya sa takarda mai faɗin milimita 58 kan ɗauki haruffa 32 a layi. Lambobi sai su jeru, naira ƙarƙashin naira, lissafi ya fito sarai. Masu rubuta manhajar kwamfuta ma don wannan jeruwar suke son irin wannan rubutun. Abin takaicin, tsofaffin nau'o'insa ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai Ɗanladi ya koma Danladi.